Tsohuwar Hilux mai jan tirela: a gyara ta ko a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2002 mai injin dizal 5L a nan Kaduna. Da rani ina jan tankin ruwa da ita zuwa wuraren gini a Millennium City da Rigachikun, da kaka kuma ina jan tirelar masara daga wajen Saminaka. Yanzu tana zafi a hawa, tana baƙin hayaƙi, kuloc ya ƙone sau biyu cikin shekara guda. Bakanikena ya ce a sa mata turbo ko a sauya inji gaba ɗaya. Ƙanena kuma ya ce in sayar in yi ciko in sayi ta zamani. Wanne ya fi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Bakanikenka da ƙanenka duk a kan inji suke jayayya, alhali abin da zai raba gardamar bai fito a tambayarka ba, wato nauyin abin da kake ja. Kafin a kwance ko noti ɗaya, kafin dillali ya zo ya leƙa motar, ka cika tankin nan kamar yadda ka saba, ka je inda ake da sikelin manyan motoci. Kamfanonin da ke sayen masara da waken suya suna da shi a bakin ƙofa, kuma yawanci idan ka yi magana da mai kula da shi zai auna maka. A auna motar da tirelar tare, sannan a cire tirelar a auna ta ita kaɗai. Da kaka ma ka maimaita da lodin masara.

Ko kafin ka je, lissafin ba mai wuya ba ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan tankinka na lita 2,000 ne, tan biyu ke nan na ruwa zalla, ba a saka nauyin tankin da ƙarfen tirelar ba. Tirelolin da ake haɗawa da walda a gida kuwa nauyi gare su, don maƙeri yakan zaɓi ƙarfe mai kauri saboda kada a dawo masa da ƙorafi. A ce tirelar ta kai kilo 500, ka ga ka haura tan biyu da rabi. Buhu 20 na masara mai kilo 100 ma tan biyu ne. Ita kuwa Hilux ta wancan zamani, mai injin 3L ko 5L, abin da kamfanin ya amince ta ja a ƙasashen da ake rubuta wannan lamba bai wuce wajen kilo 1,800 ba, kuma da sharaɗin tirelar tana da nata birkin. Idan ba ta da birki, iyakar kilo 750 ce. Wannan 750 ɗin ba tsohuwar mota kaɗai ya shafa ba, har sabuwa fil da aka sauke jiya haka aka rubuta mata. A tirelolin ruwa da ke yawo a garin nan, da wuya ka ga mai birki.

To ka ga inda maganar ta dosa. Idan sikeli ya nuna kana jan abin da ya zarce ƙarfin motar, ba tsufa ne ke ƙona maka kuloc ba, lodi ne. Turbo zai sa ta tashi da lodin cikin sauƙi, amma ba zai ƙara wa shasi kauri ba, ba zai faɗaɗa birki ba, ba zai sa motar ta fi tirelar nauyi ba. Hilux mai gida biyu nauyinta bai kai tan biyu ba. Duk ranar da ka taka birki a gangara da abin da ya fi ta nauyi a baya, tirelar ce ke tuƙi, kai dai kana riƙe da sitiyari. Tankin da bai cika ba ya fi haɗari ma, don ruwan yakan tafi gaba gaba ɗaya ya tunkuɗa motar daidai lokacin da kake so ta tsaya.

Yanzu sai lafiyar motar kanta. Ni daga ƙasa nake farawa. A hau da ita kan rami, a wanke ƙarƙashinta sosai, a bi shasi da tocila tun daga gaba har baya. Wuraren da ke fara tsagewa su ne inda sifirin na baya ke maƙale, da tsakanin gidan direba da bodi, da kuma inda aka ɗaura ƙarfen jan tirela. Mu nan ba mu da matsalar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, amma muna da taki. Motar da ta daɗe tana ɗaukar takin zamani, ruwan sama na wanke shi yana gangarawa ƙasa, za ka tarar tsatsa ta ci ta daga ciki. A ƙwanƙwasa da guduma, ƙarfe mai lafiya da wanda ya ruɓe ba sa ƙara iri ɗaya. Idan aka samu shasi ya lanƙwashe, ko ya tsage an yi walda ya sake tsagewa a gefen waldar, magana ta ƙare: kada ka kashe ko sisi a kan injin don jan tirela. Sayar da ita ga mai ƙaramin aiki cikin gari, ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da aka gani.

Idan shasi lafiya lau, sai a koma kan inji, kuma a gwada shi da na'ura, kada a tsaya ga sauraren ƙara. A auna matsin iskar kowace silinda. A injin 5L mai lafiya za ka ga wajen 30 a ma'aunin kilo kan murabba'in santimita, bai kamata ya sauka ƙasa da 20 ba, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 5. A buɗe murfin baƙin mai inji na aiki a ga yawan hucin da ke fitowa. A duba ko lagireto na tafasa ƙwayoyin iska tun inji bai yi zafi ba, don wannan alama ce ta gaskit ko tsagewar tof silinda. Duk gwajin nan bai cin yini guda.

Zafin da kake gani a hawa, sau da yawa ba daga cikin inji yake ba. Lagireton da ya shekara ashirin yana shan ruwan rijiya da na burtsatse, rabin hanyoyinsa sun toshe da tsatsa da gishiri. Fankar 5L tana da wani mai a cikinta da ke sa ta kama sosai idan zafi ya taso, idan man ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa a banza, kana ganin tana yawo amma ba ta jan iska. Ga kuma al'adar nan ta cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Ban san wanda ya fara koya wa mutane wannan ba, amma ya ja wa injuna da yawa asara. Inji mara tamostat yakan daɗe bai kai zafin da ya dace ba da safe, yana cin ringi, sannan a hawa ruwan ba ya bin hanyar da aka tsara masa. A mayar da tamostat, a sa sabon lagireto mai kauri, a sauya murfinsa da tiyoyi da famfon ruwa, a zuba ruwan lagireto na gaskiya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Kaduna ke dosar digiri 40 kuma lokacin ne aikin ruwa ya fi yawa, nan za ka ga amfanin kuɗin.

Baƙin hayaƙi kuwa man da bai ƙone ba ne. Fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni. Daga nan a kai nozul da injekta fam wurin masu saiti a kan benci. Akwai masu buɗe wa fam mai don mota ta ƙara ƙarfi, sai hayaƙi ya ƙaru, zafi ya ƙaru, ƙarfin kuma ɗan kaɗan. Ka tuna kuma injin da ba shi da turbo yana rasa ƙarfi idan aka hau tudu, wajen kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mita ɗari. Kaduna tana wajen mita 600 daga teku, Jos ta ninka haka. Shi ya sa motar da ke tafiya daidai a hanyar Zariya za ka ji tana nishi da zarar an wuce Pambegua an doshi ƙasar tuddai. Wannan halittar injin ce. Idan ba ka tuna ranar da aka sauya taimin bel ba, a sauya shi a wannan aikin, don idan ya tsinke bawul da fistin ne za su gwabza.

Batun turbo, ba na ba ka shawarar sa. An ƙera 5L da matsi mai yawa, sama da 22 kan 1, kuma man yana fara ƙonewa ne a wasu ƙananan kofuna da ke cikin tof silinda. Wannan tsari ne mai juriya da haƙuri da man da ba shi da kyau, amma ba ya son ƙarin zafi. Ana sa masa turbo a wasu ƙasashe ya zauna lafiya, sai dai da iska kaɗan, da na'urar sanyaya iskar, da agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, da direban da zai ɗaga ƙafa idan agogon ya hau. A nan abin da aka fi yi shi ne a samo turbon wata mota a kasuwar Panteka a ɗaura, a buɗe fam, a miƙa wa yaron mota makulli. Motar za ta yi daɗi wata biyu ko uku. Ranar da ta hau tudu da tan biyu da rana tsaka, tof silinda zai tsage tsakanin bawul. Kuma giyabos da kuloc ɗin da ke bayan 5L an yi su ne don ƙarfin murɗawa na wajen 200 a ma'aunin Nm, ba don abin da ya fi haka ba.

Sauya inji iri biyu ne. Idan gwaji ya nuna naka ya gaji, a sa wani 5L ɗin na Baljiyam ko a yi wa naka aikin ringi da metal, wannan abu ne mai ma'ana, komai zai zauna a mazauninsa. Na fi son a gyara wanda ka san tarihinsa idan bulok da karanshaf ba su taɓu ba, don injin da aka sauke daga kwantena ba wanda ya san kilomita nawa ya ci. Idan za ka saya, a tayar da shi a gabanka, a rubuta maka kwanakin garanti a takarda, a kuma gyara lambar inji a takardun mota don kada ka sha tambaya a hanya. Amma ɗora 1KD, injin mai turbo na Vigo, wato Hilux ɗin da ta biyo bayan taka, a kan tsohon bodi, wannan wani babin ne. Sai an kawo ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da makullinsa, sai giyabos ɗin da zai iya da shi, kuma kowace matsalar lantarki da ta taso nan gaba babu littafin da za a duba, sai wanda ya haɗa. Idan ya yi tafiya ko ya bar gari, ka shiga uku. Bayan duk wannan wahala, birki da shasi na 2002 ne dai.

Gyaran da ke da amfani ga mai jan kaya ba shi da armashi a ido, shi ya sa ba a cika kawo shi ba. Na farko birkin tirela. Akwai irin wanda ke kama kansa: idan mota ta rage gudu tirela ta turo, turowar ce ke jan birkin. A nemi aksil mai birki a sa, ko da kuɗinsa ya kai na turbon da ake magana. Sannan ƙarfen ja. A ɗaure shi a jikin shasi da notuna masu lamba 8.8 ko sama, kada a yi masa walda a bamba, kuma a sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashinsa. Lodi a kan tirela ya ɗan rinjaya gaba, yadda kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiya. Idan nauyi ya koma baya, tirela takan fara rawa hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru, kuma direbobi da yawa a nan suke rasa mota. Man birki yana shan danshi, a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Tayoyi su zama na ɗaukar kaya, a duba lambobi huɗun nan na mako da shekarar ƙira a gefensu, har da na tirelar, waɗanda galibi tsofaffin da mota ta gama da su ake mayarwa can.

Akwai wani abu da masu ƙara sifirin ba sa kula da shi. A bayan Hilux akwai ɗan bawul da ke haɗe da aksil da wani siririn ƙarfe, aikinsa ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta zauna saboda lodi. Idan aka ƙara ganyen sifirin, mota ta daina zama, bawul ɗin sai ya ɗauka babu kaya, ya rage wa baya birki daidai lokacin da ake buƙatarsa. Duk wanda ya ƙara sifirin, sai an sake saita wannan bawul.

Kuloc sau biyu a shekara, ka duba ƙafar direba ma. Tashi da giya biyu, riƙe mota da kuloc a hawa, duk suna cinye shi. Idan motarka mai ja huɗu ce, a wurin gini mai yashi ko laka a sa ƙaramar giya a tashi a hankali. A kan titi da lodi a tsaya a giya huɗu, a bar ta biyar, don ita ce mafi rauni a giyabos. A gangara kuma, giyar da aka hau da ita ake sauka da ita.

To maganar ƙanenka. Gaskiya ne, ta zamani ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Vigo mai 1KD tana ba da ƙarfin murɗawa 343, kuma an yarje mata jan wajen kilo 2,250 zuwa 2,500 da tirela mai birki. Wadda ta fito daga 2015 mai injin 2.8 ta haura 400, a wasu ƙasashe an rubuta mata har kilo 3,500. Sai dai waɗannan injuna suna fesa mai ne da matsin da ya wuce 1,300 a ma'aunin bar, ta ramuka sirara ƙwarai, kuma man da ke cikin fam shi ne ke shafe shi. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir, ko wanda ya sha ruwa a jarka, 5L zai haɗiye ya yi tari ya wuce. Injin zamani kuwa nozul huɗu da fam zai nema, da wanda zai shigar da lambobinsu a kwamfuta. Wanda ke shan mai a babban gidan mai ɗaya da ya yarda da shi zai ji daɗinta. Wanda kaka ke kai shi ƙauyukan Lere da Kauru, inda wani lokaci sai 'yan bumburutu, sai ya ƙara filta mai raba ruwa da mai, ya kuma riƙa tafiya da nasa man. Shi 1KD yana da wani ciwo sananne: idan zoben tagulla da ke ƙarƙashin nozul ya fara yoyo, baƙin mai yakan daskare ya toshe rariyar da ke tsotso shi, inji ya lalace ba gargaɗi. Waɗanda aka yi wa Turai kuma, na baya-bayan nan, suna da matatar hayaƙi da aka tsara don man da sinadarin sulfur ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma gajerun tafiye-tafiye cikin gari suna toshe ta.

Idan ka yanke saye, abu biyu ka kiyaye. Yawancin Vigo a Tailan aka ƙera su, can kuwa sitiyari a dama yake, don haka akwai waɗanda aka juya musu sitiyari kafin a shigo da su. Duba bangon da ke tsakanin inji da gidan direba ko akwai yanka da walda, duba yadda waifa ke kwanciya. Motar da aka yanke wa mazaunin sitiyari da na birki ba ta jan tirela ba ce. Na biyu takardun kwastam, a tantance su kafin kuɗi ya fita. Kada kuma ka manta tun da darajar naira ta faɗi a 2023, cikon da za ka yi ya zama babban kuɗi, kuma ba sabuwa za ka samu ba, tsohuwar wani ce da ba ka san abin da ta gani ba. Ka ware kuɗin taimin bel, da tayoyi, da ƙarfen ja, da sabis na farko a kan farashin. Hilux mai fetur 2.7, wadda ta fi yawa a ƙasar nan, kayanta na ko'ina kuma kowane bakanike ya san ta, amma da lodi a baya shan manta sai ka riƙe baki.

Ga yadda zan yi da a ce tawa ce. Idan sikeli ya nuna tirela da kayanta ba su wuce tan ɗaya da rabi ba, ko za ka iya rage su zuwa haka, misali ka koma tankin lita 1,000 ka ƙara sawu, kuma shasi lafiya, to riƙe abarka. Da tsohuwar zuma ake magani. A gyara sanyaya, a saita fam da nozul, a sa kuloc na asali, a yi wa tirela birki. Ka sa bakanike ya rubuta maka duka lissafin a takarda kafin a fara. A ma'aunina, muddin jimillar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar da za ka saya ba, gyara ya fi riba, balle kayan 5L ba sa wuyar samu daga Panteka har Kano. Kuma a yi aikin yanzu, kada a bari sai masara ta bushe a gona.

Idan kuwa aikinka na kullum tan biyu da rabi ne zuwa uku, kuma rage shi zai kashe ribar, to ko Vigo ɗin ma a bakin iyakarta za ta riƙa aiki kowace rana, ka dawo kan wannan tambaya bayan shekara biyu. Land Cruiser akori-kura mai injin 1HZ za ta iya, injin silinda shida ne mai lita 4.2 da ba ruwansa da kwamfuta, amma kuɗinta ya yi wa wannan sana'a yawa. Abin da ya dace da irin wannan lodi shi ne Kanta ko Dyna mai tan uku: tanki ya hau bayanta a ɗaure, buhuna su hau bayanta, babu tirela balle rawarta, birki da shasi kuma don nauyin aka yi su. Sai Hilux ta koma zirga-zirgar gona da ɗaukar ma'aikata, inda za ta ƙara shekaru ba tare da ta dame ka ba. Idan kuɗin Kanta bai samu bana ba, ka ɗauki hayarta na makonnin kaka kawai, ka rage tankin ruwa zuwa abin da Hilux za ta iya tsayarwa.

Idan ka auna, ka turo mini lambobin sikelin da na matsin silinda huɗun, da hoton shasi daga wajen sifirin na baya, sai mu san ko ringi za a yi ko sanyaya kaɗai ta isa.